Muttiah Muralitharan: Lanƙwasasshen hannun da ya sa aka sake dokar kurket

Muttiah Muralitharan, wanda aka fi sani da Murali, tsohon ɗan wasan kurket ne na Siri Lanka, tsibirin da ke kudu da Indiya. Ya yi wa ƙasarsa wasa daga 1992 zuwa 2011, kuma har yau babu mai jefa ƙwallon da ya kamo shi a yawan fitar da masu bugu: 800 a wasannin Tes, waɗanda ake shafe har kwana biyar ana yi, da 534 a wasannin yini guda. Mai bi masa a wasannin Tes shi ne marigayi Shane Warne na Ostireliya da 708, sai James Anderson na Ingila da 704.

Sau uku alƙalan wasa a Ostireliya suna tsayar da shi a bainar jama'a bisa zargin karya dokar jifa. An kai hannunsa ɗakunan gwaji na jami'o'i, wani Firaminista ya tsoma baki a maganar, daga bisani kuma hukumar wasan ta duniya ce ta gyara dokarta. Duk wannan ya faru ne a kan ɗan ƙabilar Tamil da ke ɗauke da tutar ƙasar da sojojinta ke yaƙi da 'yan tawayen Tamil a daidai waɗannan shekaru.

Abin da ake nufi da murɗa ƙwallo

A kurket ƙungiya biyu ce ke karawa, kowace da 'yan wasa 11. Ɗaya tana bugu tana tara maki, ɗayar tana jifa tana neman fitar da masu bugun ɗaya bayan ɗaya. Mai jifa yana sako ƙwallon daga nisan kimanin mita 20, ta daki ƙasa, ta nufi sanduna uku da ke kafe bayan mai bugu. In ta ture sandunan, ko mai bugu ya tare ta da ƙafa a gabansu, ko ya buga aka cafe kafin ta faɗi, to ya fita. Kowace fitarwa ana kiranta wiket. Da yawan wiket ake auna mai jifa, sannan a duba maki nawa aka ci a kansa kafin ya samu kowane ɗaya.

Masu jifa iri biyu ne. Akwai masu ƙarfi, waɗanda ke sheƙo gudu daga nesa su sako ƙwallon da saurin da kan kai kilomita 140 zuwa 150 a awa. Akwai kuma masu murɗa ƙwallo, waɗanda ke yin 'yan taku kaɗan su sake ta a hankali, amma sun murɗa ta yadda da ta taɓa ƙasa sai ta kauce hanya. Na farko da tsoratarwa suke cin kasuwa, na biyu da yaudara. Murali yana cikin kashi na biyu, a rukunin da ƙwallonsu ke karkatowa cikin jikin mai bugu da hannun dama. Sauran 'yan wannan rukuni da yatsu suke murɗawa. Shi kuwa Allah ya hore masa wuyan hannu mai laushi ƙwarai da kafaɗa mai saurin juyawa, don haka ƙwallonsa kan karkace ko a filin da na wasu ke tafiya sak.

Akwai doka ɗaya da dole a riƙe kafin a fahimci rayuwarsa. Daga lokacin da hannun mai jifa ya kai daidai kafaɗa har ƙwallon ta bar yatsunsa, ba a yarda ya miƙe gwiwar hannu ba. In ya lanƙwasa sannan ya miƙe, kamar mai jifan kare da dutse, ya yi laifi. In kuwa hannun ya taho a lanƙwashe ya kuma tsaya a lanƙwashe, babu laifi. An haifi Murali da gwiwar hannun da ba ta miƙewa gaba ɗaya.

Jikan ɗan ƙwadagon gonar shayi

An haife shi ranar 17 ga Afrilu 1972 a Kandi, birnin da ke tsakiyar tsaunukan Siri Lanka. Kakansa ya ƙetaro daga kudancin Indiya a 1920 don yin ƙwadago a gonakin shayi na zamanin mulkin Birtaniya. Wannan asali yana da muhimmanci, domin Tamilawan Siri Lanka ba tsintsiya ɗaya ba ne. Akwai na arewa da gabas, irin na Jafna, waɗanda suka yi ƙarnoni a tsibirin, kuma daga cikinsu ƙungiyar tawayen Tamil Tigers ta fito. Akwai kuma na tsaunuka, zuriyar 'yan ƙwadagon da Turawa suka kwaso, waɗanda dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta bar akasarinsu ba su da ƙasa, ba su da ƙuri'a. Murali daga na biyun ya fito.

Gidansu dai ba na talakawa ba ne, mahaifinsa yana da masana'antar biskit a Kandi. Amma dukiya ba ta kare su ba lokacin da tarzomar ƙin jinin Tamilawa ta ɓarke a 1977: an cinna wa masana'antar wuta, an kuma ji wa mahaifin rauni. Shekara shida bayan haka, a Yulin 1983, wata tarzomar da ta fi muni ta buɗe ƙofar yaƙin basasar da bai ƙare ba sai a Mayun 2009.

Yana ɗan shekara tara aka kai shi makarantar kwana ta Saint Anthony a Kandi, ta limaman Katolika. Da jifan ƙarfi ya fara, har sai da mai horar da 'yan makarantar, Sunil Fernando, ya ba shi shawarar komawa murɗa ƙwallo yana da shekara 14. Bayan makaranta ya shiga kulob ɗin Tamil Union a Kolombo. Ranar 28 ga Agusta 1992 ya buga wasan Tes na farko, da Ostireliya, a Kolombo, inda ya fitar da mutum uku. A lokacin Siri Lanka shekararta goma kacal da fara buga wasannin Tes, manyan ƙasashen wasan kuma ba su ɗauke ta a bakin komai ba.

Melbon, 26 ga Disamba 1995

Wasan Tes da ake farawa a Melbon washegarin Kirsimeti shi ne babban taron kurket na shekara a Ostireliya. A gaban wannan taro, alƙalin wasa Darrell Hair, ɗan Ostireliya, ya haramta jifan Murali sau bakwai cikin ɗan lokaci. Abin da ya ƙara ta da jijiyar wuya shi ne inda Hair yake tsaye: a bayan mai jifa, alhali bisa al'ada alƙalin da ke gefe ne ke lura da gwiwar hannu. Kyaftin ɗin Siri Lanka, Arjuna Ranatunga, ya mayar da Murali ɗaya ɓangaren filin, inda alƙali Steve Dunne na Niyu Zilan yake, shi kuma bai ga laifin komai ba.

Kwana goma bayan nan, a Birisben, wani alƙalin Ostireliya, Ross Emerson, ya sake haramta jifansa a wasan yini guda da tawagar tsibiran Karebiyan. Murali ya sauya zuwa wani salon murɗawa da masana ke ganin da wuya a yi shi da miƙe gwiwa, Emerson ya ci gaba da haramtawa. Wannan ya ƙarfafa masu cewa hukuncin ya riga jifan zuwa.

A irin wannan hali, 'yan wasa da yawa a baya ajiye wasan suka yi, domin hukumomin ƙasashensu kan janye su a ɓoye don gudun abin kunya. Murali yana da shekara 23, kuma da hukumar Siri Lanka ta bi wannan hanya da labarin ya ƙare nan. Ba ta bi ba. A 1996 an auna jifansa a Jami'ar Yammacin Ostireliya da ke Pas da kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hon Kon. Sakamakon ya nuna cewa lanƙwasar gwiwar halitta ce, kuma juyawar kafaɗa da wuyan hannu ce ke yaudarar ido har a ga kamar yana miƙewa. Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, ta wanke shi.

Cikin wannan zafi aka shiga gasar cin kofin duniya ta 1996. Ostireliya da tawagar Karebiyan suka ƙi zuwa Kolombo bayan harin bam da Tamil Tigers suka kai Babban Bankin ƙasar ranar 31 ga Janairu, wanda ya hallaka kimanin mutum 90. Ranar 17 ga Maris, a Lahore ta Pakistan, Siri Lanka ta doke Ostireliya a wasan ƙarshe ta ɗauki kofin, Murali yana cikin sha ɗayan da suka buga.

Maganar ba ta mutu ba. A Agustan 1998 ya fitar da mutum 16 a wasa guda da Ingila a filin Oval na Landan, tara daga ciki a zagaye ɗaya, Siri Lanka ta yi nasara, kocin Ingila David Lloyd kuma ya fito yana nuna shakku a kan jifan. A Janairun 1999 a Adaled, Emerson ya sake haramta jifansa a wasa da Ingila. A wannan karon Ranatunga ya nuna wa alƙalin yatsa, ya tattara 'yan wasansa zuwa bakin fili, wasan ya tsaya har sai da aka tuntuɓi shugabannin hukumar a gida. Da aka dawo, Siri Lanka ta cimma maki 303 da ake nema, saura mutum ɗaya ya rage mata, kuma Murali, wanda bugu ba fanninsa ba ne, shi ya buga makin nasarar. Hoton Ranatunga, Basinhale daga ƙabilar da ta fi rinjaye, yana shirin sadaukar da wasa saboda ɗan Tamil, ya daɗe a zukatan mutanen tsibirin. Gwamnati da jaridun Kolombo sun yi ta nuna Murali a matsayin shaidar cewa ƙasar ɗaya ce, ko da yake shahararsa ba ta sauya komai a ƙauyukan arewa da ake ruwan wuta ba.

Digiri goma sha biyar

A farkon shekarun 2000 Murali ya ƙware a wata ƙwallo da ake kira dusra, kalmar Urdu mai ma'anar "ta biyu". Saqlain Mushtaq na Pakistan ne ya fito da ita. Hannu yana tafiya kamar kullum, amma ƙwallon ta karkace ta ɗaya gefen. Mai bugun da bai karanto ta daga hannu ba sai dai ya ji ƙarar sanduna.

A Maris 2004, bayan wasannin Tes da Ostireliya a Siri Lanka, jami'in sa ido na wasan, Chris Broad ɗan Ingila, ya kai ƙarar dusrar Murali. Aka koma Pas. Na'urori suka nuna yana miƙe gwiwa da digiri 14 in zai jefa ta, bayan gyara ya sauko zuwa kimanin 10. Iyakar da ICC ta sa wa masu murɗa ƙwallo a lokacin digiri 5 ce, masu jifan ƙarfi kuma 10. Aka hana shi jefa dusra. Firaministan Ostireliya, John Howard, da aka tambaye shi, ya ce shi ma ya yarda jifan bai halatta ba. Murali ya ƙi bin tawagarsa zuwa Ostireliya a tsakiyar shekarar. Maimakon haka ya je Ingila, aka ɗaure masa gwiwa da wani abin ɗauri mai ƙarfe a ciki, ya yi jifa gaban kyamarorin talabijin, ƙwallon tana karkacewa, ido kuma yana ganin kamar hannun yana miƙewa alhali ƙarfen ba zai bari ba.

Abin da ya warware rikicin shi ne binciken da ICC ta sa aka yi a kan sauran masu jifa a wannan shekara. Ya nuna cewa kusan kowa yana miƙe gwiwa zuwa wani mataki, har da masu jifan ƙarfin da ake buga misali da tsabtar salonsu, da yawa kuma suna ƙetare iyakar da aka sa musu. Ashe dokar da aka yi shekara da shekaru ana hukunci da ita tana neman abin da jikin ɗan Adam ba ya yi. Daga 1 ga Maris 2005 aka sa iyaka ɗaya ga kowa: digiri 15, matakin da ido ke fara ganin miƙewar. Dusrar Murali ta halatta.

Masu suka sun ce an yi wa mutum ɗaya ɗinkin doka daidai jikinsa. Marigayi Bishan Singh Bedi, tsohon kyaftin ɗin Indiya, bai taɓa sauka daga ra'ayinsa ba, yana kwatanta shi da mai jifan mashi. Amma hujjar da ke ƙasa ba ta goyi bayansu ba: da an bar tsohuwar iyaka aka kuma aiwatar da ita ba sani ba sabo, da ba Murali kaɗai za a kora ba. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne shari'arsa ce ta tilasta aka auna kowa.

Tsere da Warne

A Mayun 2004 a Harare ya wuce wiket 519 na Courtney Walsh ya zama na ɗaya a duniya. Warne ya ƙwace matsayin kafin shekarar ta ƙare, lokacin da Murali ke jinyar kafaɗa. Ranar 3 ga Disamba 2007, a filin Asgiriya na garinsu Kandi, ya ture sandunan Paul Collingwood na Ingila ya kai 709, bai kuma sake sauka ba. Tun daga wannan shekara kofin da ƙasashen biyu ke karawa a kai yake ɗauke da sunayen Warne da Muralitharan.

Muhawarar wa ya fi wani ba ta ƙare ba, kuma kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Murali ya samu 800 ɗinsa a wasa 133, ana cin maki 22.72 a kansa kan kowane wiket. Warne ya yi wasa 145, ana cin 25.41. Sau 67 Murali yana fitar da mutum biyar ko fiye a zagaye ɗaya, sau 22 yana fitar da goma a wasa guda, duka biyu babu wanda ya kusance su. Magoya bayan Warne kan nuna cewa wiket 176 na Murali daga Bangladesh da Zimbabuwe suka fito, ƙasashen da ba su da ƙarfi, yayin da Warne ya samu 17 kacal daga gare su. Cewa 493 a gida ya same su. Kuma a Ostireliya wiket 12 ya iya samu a wasa biyar. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce ko an cire ƙasashen biyu yana da 624 a kan makin da bai kai na Warne ba, sannan Warne yana da Glenn McGrath da sauran gwanaye suna matsa wa masu bugu daga ɗaya gefen, shi kuwa in aka cire Chaminda Vaas kusan shi kaɗai ke ɗauke da kayan. Ya jefa ƙwallo 44,039 a wasannin Tes, adadin da babu wanda ya kai.

Goma cif a zagaye ɗaya ce kawai ta kuɓuce masa. A Janairun 2002 a Kandi ya fitar da 'yan Zimbabuwe tara, aka zubar da ƙwallon da za ta ba shi na goma, Vaas ya ɗauke wiket ɗin ƙarshe.

Igiyar ruwa, harsashi, da na 800

Ranar 26 ga Disamba 2004 igiyar ruwan tsunami ta hallaka sama da mutum 30,000 a Siri Lanka. Murali yana kan hanyar zuwa ƙauyen Sinigama a gaɓar kudu don rabon kyaututtuka ga yara, 'yan mintoci suka raba shi da ruwan. Cikin kwanakin da suka biyo baya ya jagoranci ayarin manyan motocin abinci zuwa yankunan da abin ya shafa, ya kuma sa kuɗinsa da sunansa wajen sake gina gidaje ta hannun gidauniyar Foundation of Goodness da manajansa Kushil Gunasekera ya kafa. Ranar 3 ga Maris 2009 yana cikin motar tawagar da 'yan bindiga suka buɗe wa wuta kusa da filin wasa na Gaddafi a Lahore. 'Yan sanda shida da fararen hula biyu suka mutu, 'yan wasa da dama suka ji rauni.

A Yulin 2010 ya sanar cewa wasan Tes da Indiya a Gol, filin da tsunami ta rusa aka sake ginawa, shi ne na ƙarshe. Yana da 792. Ya fitar da biyar a zagayen farko, biyu a na biyu, sai ya maƙale a 799 saura mutum ɗaya ya rage wa Indiya. Masu bugu biyun ƙarshe suka yi ta turjiya. Ranar 22 ga Yuli, Pragyan Ojha ya taɓa ƙwallon da gefen sandarsa, Mahela Jayawardene ya cafe, karo na 77 da ya cafe wa Murali. Ita ce ƙwallonsa ta ƙarshe a wasan Tes. Wasansa na ƙarshe ga ƙasa shi ne na ƙarshen kofin duniya a Mumbai ranar 2 ga Afrilu 2011, wanda Indiya ta lashe.

Bayan ritaya

Ya ci gaba da wasa a gasar IPL ta Indiya har 2014, daga 2015 kuma ya zama mai horar da masu jifa a kulob ɗin Sunrisers Hyderabad. A 2016 Ostireliya, ƙasar da 'yan kallonta suka yi shekaru suna yi masa ihu, ta ɗauke shi ya horar da masu murɗa ƙwallonta kafin wasanninta a Siri Lanka. Shugabannin hukumar kurket ta ƙasarsa suka fusata, wasu har suka kira shi maci amana. A 2017 ya zama ɗan Siri Lanka na farko da aka sa a jerin gwarazan ICC.

Tuhumar da ta fi yi masa nauyi daga 'yan uwansa Tamilawa ta zo. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2011 mai yiwuwa fararen hula har 40,000 ne aka kashe a watannin ƙarshe na yaƙin. A Nuwamban 2013, lokacin da Firaministan Birtaniya David Cameron ya je taron ƙasashe renon Ingila a Kolombo ya kuma ziyarci Jafna, Murali ya ce an ɓatar da Cameron game da halin da arewa ke ciki, kalamansa a kan iyaye mata masu zanga-zangar neman 'ya'yansu da suka ɓace kuma suka yi wa mutane da yawa zafi. A 2019, a wani taron magoya bayan Gotabaya Rajapaksa, wanda shi ne sakataren tsaro a ƙarshen yaƙin, ya bayyana 2009 a matsayin lokacin da ya fi farin ciki a rayuwarsa.

Waɗannan kalamai suka dawo masa a Oktoban 2020, da aka sanar cewa tauraron finafinan Tamil Vijay Sethupathi zai fito a matsayinsa a wani fim mai suna 800. 'Yan siyasa da masu shirya finafinai a jihar Tamil Nadu ta Indiya suka taso wa jarumin. Murali ya fitar da sanarwa yana cewa abin da yake nufi shi ne farin cikin daina zubar da jini daga ɓangarorin biyu, bai taɓa goyon bayan kashe marasa laifi ba, kuma shi ma ya san yaƙi tun yana yaro. Daga nan ya roƙi Sethupathi ya janye don kada sana'arsa ta lalace, jarumin ya janye. Fim ɗin ya fito a Oktoban 2023, Madhur Mittal ne ya fito a matsayin Murali.